Na'urar auna hayaƙi ta cikin gida: tana aiki, amma ba aikin da mai shago ya faɗa ba

Tafin hannu ɗaya ya ishe ta. Fara ce, da fuska mai nuna lamba, da maɓalli biyu, da 'yan ramuka a gefe inda iska ke shiga. Da igiyar cajin waya ake cajinta. Ba sai na faɗi sunan kamfani ba, don irinta sun cika kasuwa da sunaye kala-kala, kayan cikin kuwa kusan ɗaya ne. Abin da na biya ya kai kuɗin cika tukunyar gas mai kilo 12.5 har sau biyu a lokacin. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Kano, albashin malami kuwa kowa ya san shi, saboda haka sai da na daɗe ina juya maganar kafin na zaro kuɗin.

Yaron shagon ya ce da ni, "Malam, wannan da ka kunna ta za ta gaya maka ko iskar gidanka tana sa kansa, wato ciwon daji." Ba ta yin haka, kuma duk wanda ya saye ta don wannan alkawari zai ji an cuce shi. Duk da haka, da za ta faɗi ta fashe yau, sai na nemi wata.

Aikinta ƙirga ne kawai. Akwai 'yar fanka a ciki da ke jawo iska ta ratsa wani siririn hasken leza. Duk ƙwayar ƙura ko ta hayaƙi da ta gifta sai ta watsa hasken, wani ido na lantarki ya gani, na'urar ta lissafa ta fitar da lamba. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda aka rubuta PM2.5 a kanta, wato ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba. Gashin kan mutum ya ninka su kauri kusan sau talatin. Manyan ƙwayoyi gashin hanci da majina na tare su, a fyace ko a tofar. Waɗannan ƙananan su ne ke zarcewa har ƙarshen huhu, cikin 'yan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ma'auninta: matsakaicin yini kada ya wuce maikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska, na shekara kuma kada ya wuce 5.

A gidana ban taɓa ganin 5 ba. Ranar da aka kwana ana ruwa, da asuba, lambar takan sauko ƙasa da 20, fuskar ta yi kore. Sauran lokaci tsakanin rawaya da ja take yawo. Da yamma idan maƙwabta suka ƙona shara a bakin kwata, ko a uwar ɗaka kake da taga a rufe, cikin 'yan mintuna za ka ga ta haura ɗari.

Madafin Inna ne ya fi tayar mini da hankali. Mahaifiyarmu tana sashenta a gidan gado, kuma ba ta yarda da tuwon gas ba, ta ce ba ya nuna. Murhun duwatsu uku take amfani da shi a wani ɗaki mai rufin kwano, taga ɗaya ƙarama, bangon ya yi baƙi ƙirin har yana sheƙi. Na ajiye na'urar a kan turmi daidai tsayin fuskarta idan tana zaune a kujera 'yar tsugunno. Tana sunkuyawa ta hura wutar, lambar ta yi ta tsalle har ta tsaya a 999. Daga baya na gane iyakar abin da fuskar ke iya nunawa ke nan, abin da ke cikin iskar ya wuce haka. Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo ne bayan an sauke tukunya. Wuta ta koma garwashi, ɗakin ya washe, jikoki sun shigo suna jiran ƙanzo, amma lambar na nan sama da 200, kuma ta daɗe kafin ta sauko. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan ɗakin dai ido ya kasa.

Inna ta dube ni ta ce, "Kai dai da fitina kake. Uwata a wannan hayaƙin ta tsufa." Ban ja da ita ba. Amma ita ma ta san dalilin da ya kai ni shagon. Goggonmu, ƙanwar mahaifina, ko karan sigari ba ta taɓa riƙewa ba. Waina ta yi ta sayarwa tun ina ƙarami, kullum tana gaban tanda tun kafin kiran assalatu. Da tari ya kama ta tana ramewa, aka ɗora ta a kan maganin tarin fuka a wani asibiti, ta yi watanni tana sha babu sauƙi. Kafin a yi mata hoton ƙirji na kwamfuta a gano ciwon dajin huhu ne, ya riga ya bazu. Wannan rikicewar da tarin fuka ta zama ruwan dare a ƙasashen da tarin ya yi yawa, don alamominsu sun yi kama. Babu likitan da zai rantse cewa tandar ce ta jawo mata, ni ma ba zan rantse ba. Amma tun rasuwarta na koma karatun abin da hayaƙi ke yi wa huhu tun kafin a fara tari, kuma da wannan karatun nake auna na'urar.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai DNA, dogon rubutu mai haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, jere kusan biliyan uku daga uwa, wasu biliyan uku daga uba. Duk abin da ya ƙone bai cinye ba, itace ne, taba ce, leda ce ko man dizal, yana fitar da wasu sinadarai. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne benzopairin, wanda aka fara tace shi daga kwaltar kwal a Landan a 1933. Shi kaɗai ba ya taɓa DNA. Jiki ne da kansa, a ƙoƙarin narkar da shi don a fitar, yake mayar da shi wani abu mai manne wa harafin G. Akwai sinadaran gyara da ke bin rubutun suna yanke inda ya lalace suna cikewa, kuma mafi yawan ɓarnar suna kama ta. Matsalar ita ce idan ƙwayar ta rabu biyu kafin a gyara. A lokacin kwafi sai a saka harafin da bai dace ba, inda G yake ya koma T, kuma duk 'ya'yan wannan ƙwayar za su gaji kuskuren har abada.

A 1996 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Gerd Pfeifer, suka nuna inda wannan sinadari ya fi son mannewa a wani sashe na DNA mai suna TP53. Aikin sashen shi ne ya dakatar da ƙwayar da ta lalace, ko ya sa ta kashe kanta. Wuraren da suka gano, lamba 157 da 248 da 273, su ne dai wuraren da ake yawan samu a lalace a dajin huhun masu shan sigari. Kafin wannan, ƙididdiga ce ke nuna alaƙar taba da ciwon, tun aikin Richard Doll da Bradford Hill na 1950. Wannan kuwa ya nuna tabon a kan rubutun kansa. A 2016 wani bincike ya kimanta cewa mai shan kwali ɗaya a rana yana ƙara wa kowace ƙwayar huhunsa kurakurai kusan 150 a shekara. Mafi yawansu sukan faɗa inda ba su da illa. Sai an yi rashin sa'a 'yan kaɗan sun faɗa wurare masu muhimmanci a ƙwaya guda, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ciwon kan ɗauki shekara ashirin ko talatin kafin ya bayyana.

Wannan shi nake koya wa ɗalibaina, kuma gaskiya ne, amma bai isa ya bayyana irin su Goggo ba. A watan Afrilun 2023 tawagar Charles Swanton ta cibiyar Francis Crick da ke Landan ta wallafa wani aiki a mujallar Nature da ya ƙara wani gefe. Sun duba samfuran naman huhu marasa ciwon daji da aka yanko daga jikin mutane, suka tarar kashi 18 cikin ɗari na samfuran suna ɗauke da sauyi a sashen EGFR, kashi 53 kuma a sashen KRAS. Duka biyun sauye-sauye ne da aka san suna tuƙa ciwon daji, kuma shekaru kaɗai ma na tara su. Ga su nan kwance ba su yi komai ba. Da suka shaƙa wa ɓeraye masu irin wannan sauyi ƙwayoyin PM2.5, ba su ga sababbin kurakurai sun ƙaru sosai a DNA ba. Abin da suka gani kumburi ne. Ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti suka taru a huhu suna sakin wani sinadari mai suna IL-1 beta, shi kuma ya zaburar da ƙwayoyin huhu masu sauyin da ke kwance suka fara hayayyafa. Da aka toshe sinadarin da magani, ƙarin da ya tsiro ya ragu. Manomi zai gane wannan da sauri, don binne ne: iri yana ƙasa tun rani, ba ya motsi, sai ranar da ruwa ya sauka. Tunanin ma ba sabo ba ne, Isaac Berenblum ya nuna irinsa a fatar ɓera tun 1947, an dai daɗe ba a waiwaye shi a huhu ba.

To a nan ne darajar na'urar take, a nan kuma gazawarta take. Idan yawan ƙwayoyin da ke isa ƙarshen huhu shi ke hura kumburin, to abin da take ƙirgawa abu ne mai ma'ana, kuma rage lambar ba wasa ba ne. Amma ita ba ta san me take ƙirgawa ba. Ƙwayar hayaƙin taya da ke ɗauke da benzopairin da ƙwayar tururin ruwa duk ɗaya ne a wurinta, tunda kowacce ta watsa haske. Na riƙe ta a kan butar shayi tana tafasa, ta yi ja kamar gobara ta tashi. Da damina idan iska ta yi laima takan ƙara a kan gaskiya. Da hunturu kuma akasin haka take yi. Ranar da hazo ya rufe gari, irin ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har jirage su kasa sauka, lambar takan hau amma ba yadda ya kamata ba. Irin wannan idon mai araha an daidaita shi ne da hayaƙi, ƙurar hamada mai ɗan girma tana wuce shi bai ƙirga da kyau ba. Saboda haka ni ba na ɗaukar lambarta a matsayin awo na ƙarshe. Kwatanci nake yi da ita: taga a buɗe da taga a rufe, itace ɗanye da busasshe, ɗakin nan da wancan. A wannan ba ta taɓa ruɗa ni ba.

Uwargida ba ta so shigowar na'urar ba, kuma turaren wuta ne sanadi. Ranar wata Juma'a ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren da aka kawo mata daga Maiduguri, ta rufe ƙofa da labule don ya kama kaya. Na'urar na kan durowa. Kafin ta gama ninke zannuwa na'urar ta fara ƙara, lamba ta wuce 500. Ta ce, "Malam, yanzu har ƙamshin ma cuta ne?" Ban ce mata turare na kawo kansa ba, don ba haka na karanta ba. Abin da na ce shi ne ƙonewa dai ƙonewa ce, huhu ba ya tambayar ko abin yana da ƙamshi. Muka sasanta: a turara ɗaki babu kowa ciki, a bar shi ya kama, sannan a buɗe taga kafin yara su shiga kwana. Ƙamshin yana nan a labule, lambar kuma tana saukowa kafin lokacin barci. Maganin sauro mai hayaƙi shi ne na kore gaba ɗaya, don shi har asuba yake riƙe lambar a ja, kuma a kansa ake kwana. Gidan sauro muka koma.

Baffana kuwa sigari yake sha tun ina goye. Na kai na'urar zaurensa na ajiye ban ce komai ba. Ya kunna kara ɗaya, daga can ƙarshen tabarma ta fara kuka. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, abin da zai lalace ai ya riga ya lalace. Yanzu in na bari me zan tsira da shi?" Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ba duka ya lalace ba." Na ba shi labarin aikin da cibiyar binciken DNA ta Sanger a Birtaniya da jami'ar UCL ta Landan suka fitar a 2020. Sun ɗauki ƙwayoyin hanyar iska daga mutum 16, yara da manya, masu sha da waɗanda suka daina da waɗanda ba su taɓa ba, suka karanta DNA ɗin ƙwaya ɗaya-ɗaya. A masu sha, taba ta ƙara kurakurai dubu ɗaya zuwa dubu goma a kowace ƙwaya. Amma a waɗanda suka daina, har da masu shekaru da yawa suna sha, sai aka ga wani rukuni na ƙwayoyi da kusan ba su da tabon taba, kuma yawansu ya ninka na masu ci gaba da sha sau huɗu. Wato akwai waɗanda suka tsira a ɓoye, da hayaƙi ya tsaya sai su fito su sake shimfiɗa hanyar iskar. Wani aikin na 2019 a kan tabon da ke gab da zama daji a hanyar iska ya nuna kusan rabinsu ne ke zarcewa, sauran su tsaya cik ko su koma da baya. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya ce zai duba. Bai daina ba. Abin da ya canza shi ne yanzu ƙofar gida yake fita, ba ya sha a zaure inda jikoki ke karatun allo.

Sauran aibobinta na ƙira ne. Batirin ba ya kai yini, a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Takardar bayanin da Turanci mai karyayyen baya aka rubuta ta. Akwai wasu lambobi biyu a ƙasan fuskar da aka ce na sinadaran fenti da gam ne, ban yarda da su ba ko kaɗan, don ɓawon lemo kawai na matsa kusa da ita suka haukace. Ba ta ajiye tarihin awo, sai dai ka zauna da biro da littafi. Ƙarar gargaɗin kuma ba a kashe ta, sai da na liƙa salatif a kan ramin lasifikar.

Akwai gazawa ɗaya da nake so kowa ya riƙe, don ita tana iya kisa a dare ɗaya. Ba ta jin iskar kabon monoksaid, gubar da janareta da garwashi ke fitarwa, marar launi marar wari. Za ka iya kwana da kasko a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, na'urar tana nuna lamba mai dama-dama, gubar tana taruwa. Wannan na'ura daban take buƙata. Haka nan ba ta auna iskar radon da ke fitowa daga ƙasa, wadda ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa dajin huhu a ƙasashe da dama. Koren fuska ba shaidar lafiyar ɗaki ba ce.

Game da madafin Inna, labarin wata gunduma a China ne ya ba ni abin yi. A Shuwanwei, cikin lardin Yunnan, mata da ba sa shan taba suna cikin masu yawan dajin huhu a ƙasar, saboda kwal mai hayaƙi da suke girki da shi a ɗakuna marasa mafita. Da gidaje suka koma murhu mai bututun fitar da hayaƙi, binciken da aka wallafa a 2002 ya nuna ciwon ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari a waɗanda suka canza. Kwal ɗin da suke ƙonawa bai canza ba, hanya kawai aka ba hayaƙin. Itace bai kai kwal ɗin nan muni ba: hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa hayaƙin kwal na cikin gida a sahun abin da aka tabbatar yana haddasa ciwon, na itace kuma a sahun da ke bi masa, wanda ake kyautata zaton yana haddasawa. Na kira magini ya fasa bango ya buɗe babbar taga ta fuskar da iska ke fita, mai walda ya yi mana rumfar kwano da bututu a saman murhun. Itacen kuma yanzu sai ya bushe a rana kafin a sa. A kan turmin nan dai na sake ajiye na'urar. Lokacin hura wuta har yanzu tana hawa sosai, amma ba ta ƙara kai 999 ba, kuma da an sauke tukunya takan faɗo da wuri. Inna ba ta ce komai a kan lamba ba. Ta dai ce idonta ya daina ruwa idan tana tuƙi.

Shawarata ga mai son saya: kada kowane gida ya sayi tasa. Abin da za ta koya maka a gidanka za ta gama koyar da shi cikin mako biyu ko uku, daga nan maimaici ne. Gidan gado ɗaya, ko makaranta, ko ƙungiyar masu tuyar ƙosai da waina, su haɗa kuɗi su sayi guda ta riƙa zagayawa, ragowar kuɗin a kai wa magini da mai walda. Wanda kuma tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ya ga jini a kaki, ko ya sha maganin tarin fuka babu sauƙi, asibiti zai koma ya nemi a ƙara bincike, na'urar nan ba ta da abin gaya masa. Tawa yanzu tana hannun ɗaliban ajin ƙarshe, suna zagayawa da ita bakin titi da wajen masu gasa masara da ɗakin girkin makarantar kwana, kowa da littafinsa. Sharaɗina ɗaya ne, duk wanda ya karɓa ya dawo mini da ita da cajinta.